Zare na masaƙi, zayyana ta wa?

Duk wanda ya saba ratsa layin ƴan yadi a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Yamai, ya san kayan Indiya ba baƙi ba ne gare mu. Hulɗar ma ta girmi kakanninmu. A cikin ƙarni na 18 da na 19, Faransawa sun yi ta ɗauko yadi rinin shuni daga Pondisheri, wani yankin Indiya da ke hannunsu, suna kai shi bakin kogin Senegal domin musanya da ƙaro, har yadin ya zama tamkar kuɗɗi a wannan yanki. Saboda haka abin da ke faruwa a ɗakin masaƙin Indiya ya shafi ɗan kasuwarmu, ya shafi kuma ma'aikacin da aka ɗora wa kula da sana'o'in hannu. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shiga ɗakin saƙa, ta karɓe aikin zayyana. Ana kiran wannan ci gaba, kuma ci gaban ne. Sai dai akwai tambayar da ɗan kasuwa ba ya mantawa da ita ko a cikin barci: ribar, aljihun wa ta shiga?

Mu fara da sanin yawan mutanen da ake magana a kansu. Ƙidayar da gomnatin Indiya ta yi a shekara ta 2019 zuwa 2020 ta gano mutum miliyon 3 da rabi da ke cin abinci da saƙar hannu, kuma fiye da kashi 70 bisa ɗari mata ne. A ƙidayar 1995 zuwa 1996 sun kai miliyon 6 da rabi. Ke nan cikin shekara 25 kusan rabinsu sun aje ƙoshiya. Ƙidayar ta baya-bayan ta nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na gidajen masaƙa ba sa samun rupi 5.000 a wata, wato kimanin jikka 40 na kuɗɗinmu a canjin lokacin. Waɗannan su ne mutanen da aka ce kwamfuta za ta fitar daga ƙangi.

Daga zaren ƙulli zuwa katin huji

Domin a gane abin da na'urar ta canza, sai a dubi birnin Banaras, wanda ake kira Baranasi a hukumance, a bakin kogin Ganga. Nan ne cibiyar saƙar sari na alharini da zaren zinari, wato dogon zanen nan mai kusan mita 6 da matan Indiya ke naɗawa, kuma mafi yawan masaƙan Musulmi ne na zuri'ar Ansari. A da can, akwai wani gwani da ake ce wa naƙshaband. Shi ne ke zana fure ko ganye a takarda, sa'an nan ya mayar da zanen ya zama ƙulle-ƙullen zare a jikin wani katako. Ana rataya wannan bisa kan masaƙa, wani yaro yana ɗaga zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, masaƙi yana jefa ƙoshiya. Zayyana guda tana iya cin makonni kafin a fara saƙa ko taƙi ɗaya, kuma sirrinta yana cikin gidan gwanin, uba ya bar wa ɗa.

Wanda ya sallami yaron nan daga aiki Bafaranshe ne, Joseph-Marie Jacquard, mutumin birnin Lyon, da na'urar da ya kammala a 1804. Dabararsa ita ce kati mai huji-huji. Kowane kati yana tsaye ne a madadin jifar ƙoshiya ɗaya: inda akwai huji, ƙugiya ta ɗaga zare, inda babu, zare ya zauna. A ɗinke katunan a jere, dubbai domin zane ɗaya, sai fure ya fito da kansa. Na'urar ta bazu a Banaras cikin rabin farko na ƙarni na 20, aka ɗora ta bisa masaƙar hannu, kuma har yau tana can.

Abin lura shi ne, wannan katin shi ne kakan kwamfuta. Bature ɗan Ingila Charles Babbage ya aro shi a shekarun 1830 domin na'urar lissafin da ya tsara, kuma har cikin shekarun 1970 da katin huji ake ba kwamfutoci umurni. Huji ko ba huji, ɗaya ko sifiri, duk abu guda ne. Saboda haka da kwamfuta ta shiga ɗakin saƙa, jika ne ya komo gidan kaka.

Abin da na'urar ta sawwaƙa

A yau mai zayyana yana ɗaukar hoton zanen hannu ya sa cikin na'ura. Kowane ɗigo a fuskar allon yana nufin wurin da zaren tsaye ya gamu da na kwance. Yana iya faɗaɗa fure, ya juya shi, ya maimaita shi sau ɗari, ya gwada ja ya gwada kore, ba tare da an ɓata ko zira'i ɗaya na alharini ba. In ya gama, wata na'ura da aka haɗa da kwamfutar ce ke huda katunan, maimakon mutum ya zauna da guduma da ƙusa yana bugun huji ɗaya-ɗaya, inda kuskure guda ke ɓata zane. A manyan masana'antu ma an daina amfani da katin tun da na'urar Jacquard mai aiki da lantarki ta fito a shekarun 1980: zayyanar tana zuwa ne cikin wani ɗan ma'aji da bai kai yatsa ba.

A Kashmir, can arewa cikin duwatsu, masaƙan mayafin gashin akuya da masu ƙulla darduma suna da nasu rubutu tun ƙarnoni, wanda suke kira talim. Alamomi ne da ke cewa zare kaza launi kaza, sai zare kaza launi kaza, wani yana rerawa, masaƙa suna bi. Kafin a samu talim sai an bi ta hannu uku: mai zane, mai zaɓen launi, da mai rubutawa. Cibiyar koyon fasahar darduma da ke Sirinagar ta mayar da wannan aiki cikin kwamfuta, tana fitar da talim a buge, tana kuma ceto tsofaffin takardun da gara da damshi suka fara ci. A ƙasar Nepal ma wani kamfani na birnin Katmandu ya ƙirƙiro manhajar Galaincha, wadda ke nuna wa mai saye kamannin darduma tun ba a ƙulla zare ko ɗaya ba.

A garin Canderi kuma, cikin jihar Madhya Pradesh, wata ƙungiya mai suna Digital Empowerment Foundation ta buɗe cibiya a 2009, inda ta koya wa ƴaƴan masaƙa zayyana da kwamfuta, ta tattara tsofaffin zayyanoni wuri guda, ta kuma buɗe musu hanyar sayarwa ta intanet. Amfanin wannan a fili yake. Zayyanar da a da take mutuwa ranar da tsohon gwani ya mutu, yanzu tana da wurin kwana. Matashin da ke jin kunyar a ce masa ɗan masaƙi ya samu ƙofar da zai shiga sana'ar ubansa da kai a ɗage.

Wuƙar tana da kaifi biyu

To amma sauƙin da na'ura ta yi wa mai abu, shi ta yi wa ɓarawo. Zanen da gwani ya yi wata uku yana tsarawa, ya isa a ɗauki hotonsa da wayar salula a tagar kanti ko a wurin biki. Kafin sati ya zagayo an mayar da shi ɗigo-ɗigo, an aika birnin Surat na jihar Gujarat, inda injunan saƙa dubban ɗaruruwa ke aiki dare da rana da zaren roba. Abin da masaƙin hannu zai yi sati biyu ko wata guda a kansa, inji yana fitar da irinsa cikin yini, a sayar da shi da sunan Banaras kan kuɗɗin da bai isa sayen alharinin na gaskiya ba.

Haka abin yake ga masu ajarak, wani yadi mai rinin shuni da ja da ake yi a yankin Kac na Indiya da lardin Sindh na Pakistan. Da hatimin itace ake buga shi, gaba da baya, ana wanki ana rini ana shanya fiye da sau goma, aikin da ke cin sati biyu ko uku. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Kac ranar 26 ga watan Janairu na 2001, marinan ƙauyen Dhamadka sun tashi sun kafa sabon gari, suka sa masa suna Ajarakpur, suka farfaɗo da sana'ar har ta yi suna a duniya. Sunan kuwa shi ya jawo musu. Yau na'urar buga launi, irin wadda ke buga takarda a ofis amma mai faɗin yadi, tana fesa kamannin ajarak mita ɗaruruwa a yini, ba baba, ba karofi, ba hatimi.

Wannan ciwo tsoho ne, kuma Kashmir ta daɗe da ɗanɗana shi. A ƙarni na 19 matan manya a Faransa da Ingila ba su da abin ado kamar mayafin Kashmir, wanda guda ɗaya ke iya cin shekara a masaƙa. Sai masaƙan wani gari na Sikotilan mai suna Paisley suka shiga kwaikwayonsa da inji, suna sayarwa da araha. Da yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya rufe babbar kasuwar, yayi kuma ya wuce, masaƙan Kashmir suka shiga yunwa. Abin takaici ma, zanen nan mai kamar ɗanyen mangwaro mai lanƙwasasshen kai, wanda mutanen Kashmir ke kira buta, har gobe da sunan Paisley duniya ta san shi. An ɗauke kasuwa, an haɗa da suna.

Mai riƙe da zayyana shi ne mai gida

Ko a inda ba sata, da sauran magana. A Banaras, mafi yawan masaƙa ba su da zare na kansu, ba su da zayyana ta kansu. Attajiri mai kanti, wanda suke kira gaddidar, ko wani babban masaƙi mai jari, shi ke ba da alharini da katuna, ya karɓi zane, ya biya ladan saƙa. Da kwamfuta ta zo, wa ke da kuɗɗin sayenta? Shi. Wa ya san launin da ake nema a Delhi ko Dubai? Shi. Ke nan zayyana ta bar gidan gwani ta koma ofishin attajiri, aikin ya ƙara sauri, amma ladan saƙa bai bi saurin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi.

Waɗanda suka yi tarihin Faransa a lisse za su tuna da masaƙan Lyon, waɗanda suka yi bore a watan Nuwamba na 1831. Na'urar Jacquard tana cikin ɗakunansu, da yawansu ma su suka mallake ta. Abin da ya fitar da su titi shi ne farashin da attajirai masu alharini da zayyana ke biyan su. Kuma a wannan birnin ne, tun 1806, doka ta ba kotun sana'a ikon karɓar ajiyar zayyanoni, domin a san wanda ya riga wani. Tun wancan zamani attajiran Lyon sun gane cewa dukiyar tana cikin zayyana, kuma su suka fara nema mata mukulli.

Shi ya sa misalan da suka fi ba da sha'awa su ne waɗanda dabarar ta fito daga cikin gida. A yankin Pocampalli na jihar Telangana ana saƙa irin zanen da ake ɗaure zarensa a rina shi tun kafin saƙa. Kafin rinin sai an yi wani irin wadari da mata ke yi da hannu, suna kai zare suna komowa tsakanin turaku wajen sau 9.000 domin zane ɗaya. Wani ɗan masaƙa mai suna Chintakindi Mallesham, wanda bai yi nisa a lakkol ba, ya ga kafaɗar mahaifiyarsa tana neman mutuwa saboda wannan aiki. Ya yi shekara bakwai yana gwaji da ƙarafa har ya kammala injin wadari a 1999, aikin kusan awa biyar ya koma awa ɗaya da rabi. Daga baya ya sa wa injin ƙwaƙwalwar lantarki wadda ke riƙe tsarin zaren. Gomnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2017. Injin nasa bai kori kowa daga saƙa ba, ciwon kafaɗa ya kora.

A Kac kuma, wata Ba'amurkiya mai suna Judy Frater ta jagoranci buɗe makarantar zayyana a 2005, wadda ba ta ɗaukar kowa sai ƴaƴan masu sana'ar gado: masaƙa, marina, da mata masu surfani. Ana koya musu haɗa launi, karanta kasuwa, lissafin farashi, da yadda ake gabatar da kaya. Manufar ita ce mai hannu ya zama shi ne mai kai, kada ya zauna yana jiran wani ɗan birni ya aiko masa da hoto ya ce yi mini irin wannan. Masaƙin da ya bi ta irin wannan makaranta, in ya zauna gaban kwamfuta, tasa zayyanar yake sawa ciki, kuma da sunansa take fita.

Doka da tambari

Hukumomin Indiya ba su naɗe hannu ba. Dokar 1985 ta keɓe wa masaƙan hannu kaya iri 22 da aka hana inji ya taɓa, amma a 1996 aka rage su zuwa 11, kuma ƙungiyoyin masaƙa sun daɗe suna kukan cewa dokar a takarda ta fi ƙarfi. Dokar 1999, wadda ta fara aiki a 2003, ta ba da damar ɗaure sunan kaya da yankin da ake yin sa, har saƙar Banaras ta samu wannan kariya a 2009. An fito da tambarin saƙar hannu a 2006, kuma tun 2015 ranar 7 ga watan Agusta ta zama ranar masaƙa ta ƙasa. A 2022 Kashmir ta fara liƙa wa dardumominta wata ƴar alama mai murabba'i, wadda in aka haska ta da wayar salula za ta faɗi inda aka yi dardumar da yawan ƙullinta. A nan na'ura ce aka sa gadin abin da na'ura ke sata.

Bangaladash ma ta bi wannan hanya da jamdani, lallausan yadin da ake saƙawa a ƙauyukan da ke kusa da Dhaka, wanda babu kati ko ɗaya a cikin aikinsa: mutum biyu ne ke zama a masaƙa suna cusa furen da ɗan tsinke, zare bayan zare. UNESCO ta sa shi cikin gadon bil'adama a 2013, ƙasar kuma ta yi wa sunansa rajista a 2016. Duk da haka kasuwannin Dhaka ba su rabu da na inji ba. Tambari yana aiki ne kawai in mai saye ya san shi, mai sayarwa kuma yana tsoron hukunci.

Gemun maƙwabci ya kama da wuta

Mu ma nan gida abin ya riga ya iso. Injin surfani mai aiki da kwamfuta ya shiga shagunan ɗinki, kuma aikin wuyan riga irin su aska takwas, da maɗinki zai yi watanni yana yi da allura, yanzu inji na zuba kamanninsa cikin awoyi. Wannan ba laifi ba ne. Ƙaramin ma'aikaci mai jiran albashi shi ma yana so ya yi ado ranar salla, kuma ba mai hana talaka araha. Laifin yana wurin da aka sayar da na inji da sunan na hannu, da wurin da zayyanar kakanni ta koma mallakar wanda ya riga ɗaukar hotonta.

Ga ƴan kasuwarmu masu sarin kayan Indiya, shawara ita ce a riƙa juya yadi a dubi bayansa. Rinin gaskiya yana ratsa zare, na fesawa kuwa bayansa yakan fito fari-fari. Bugun hatimin hannu ba ya rasa ƴar tazara ko ɗan hawan layi inda hatimi ya gamu da hatimi, na inji kuma tsaf yake kamar an auna. A sayi kowanne da sunansa, a sayar da shi da sunansa, domin ranar da mai saye ya gano an yi masa rufa-ido, ba Surat zai zaga ba, kantin da ya shiga zai zaga.

Ga ma'aikatanmu kuma, hanyar a buɗe take. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin ƙirƙira, wadda ke da zama a Yawunde, kuma a 2023 aka miƙa wa ƙasarmu takardun kariyar sunan kilishin Nijar da albasa ƴar Galmi. Abin da aka yi wa nama da albasa ana iya yi wa zare. Bargon tera-tera, da saƙi, da zayyanonin riga da hula, duk suna bukatar a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan kowane da garin da ya fito, a aje a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, a kuma yi rajistar da sunan ƙungiyoyin masu sana'ar, tun tsofaffin gwanayen suna raye. In kuma za a raba kwamfutoci ko a yi horo, a fara da ɗan masaƙi da ɗan maɗinki, kafin ɗan mai kanti.

Indiya ta nuna mana cewa na'urar ba ta da dangi. Wanda zayyana ke hannunsa take yi wa bauta, ko Mallesham ne ko mai inji a Surat. Masaƙa miliyon 3 da suka bar sana'a cikin shekara 25 sun isa ishara.